Jirgin Muhuyi da Karsanar Kaltume

Duk wanda ya saba zuwa sarin kifi a bakin ruwan Tiga ta ɓangaren Bebeji ya san Muhuyi, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dogon mutumin nan mai kafaɗar dama a karkace, wanda ba ya shiga hirar masunta sai an tsokane shi.

Garin da aka haife shi yana ƙarƙashin ruwan. Yana ɗan shekara huɗu aka zo da manyan motoci aka kwashe su da tukwanensu da awakinsu, aka sauke su a kan wani tudu mai tsakuwa, aka ce ga sabon gari nan. Mahaifinsa manomi ne mai fadama biyu a tsohon gari. A sabon wuri sai aka yanka masa fegin da ko gero sai da lallashi yake fitowa, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa sa kifin dam ɗin a bakinsa ba. Muhuyi kuwa yunwa ba ta bar shi ya yi irin wannan zuciya ba. Yana tasowa ya gangara bakin ruwa neman aiki, ya faɗa hannun Dikko.

Dikko ɗan garinsu ne, ya girme shi da shekara biyar kacal, amma ubansa ya yi wayon sayen kwale-kwale tun ruwan bai gama cika ba. Muhuyi ya zauna a bayan jirgin Dikko yana tuƙi, Dikko yana gaba yana zuba kalli, wato ragar da ake shimfiɗawa a ruwa a bar ta ta kwana. Haka suka yi shekara talatin da ɗoriya. In an dawo a raba kifi kashi uku, biyu na mai jirgi, ɗaya na matuƙi. A cikin wannan kason Muhuyi ya auri Kaltume, ya binne 'ya'ya uku, ya aurar da ɗaya tal da ta rayu, Luba, a Ƙofa.

Kafaɗar ta fara ne da ɗan tsami da asuba, daga baya ta kai in ya ɗaga hannu zai yi kabbara sai ya cije leɓe. Dikko ya je Hajji ya dawo, ya sayi inji ya maƙala wa jirginsa. Ya ci gaba da fita da Muhuyi na wasu watanni, Muhuyi yana kwarfe masa ruwa yana jan raga da hannu ɗaya. Wata safiya, a gaban dillalai da mata masu soya kifi, Muhuyi ya sa ƙafa zai shiga jirgi, sai Dikko ya tare shi da gora.

"Ka huta, Muhuyi."

"Lafiyata ƙalau, Alhaji."

"Na sani. Nauyinka ne ke shan mini mai. Buhun yashi ma ya fi ka, shi ba a ba shi kaso."

Aka yi dariya, ba don abin ya ba da dariya sosai ba, sai don Dikko ne ke ba dillalan kifi. Muhuyi ya janye ƙafarsa daga ruwa, ya ɗauki birginsa, ragar jifa da ya saƙa da hannunsa, ya koma yana jifa daga gaɓa. Abin da yake samu bai wuce na miya ba.

A wannan shekarar ne idon Kaltume ya fara dushewa. Da farko zare ne ya daina shiga mata allura, sai ta koma tana zuba gishiri da lalube. Wani ma'aikacin lafiya da ya duba ta a asibitin ƙauye ya ce su je Kano babban asibitin ido, kada su yi jinkiri. Kaltume ba ta tayar da hankalinta ba, domin tana da abin da ta dogara da shi bayan Allah: wata jar karsana da ta gada daga mahaifiyarta, tana kiwo a wata ruga can kusa da Falgore. Suka shirya da Luba cewa da kaka, in dabbobi sun yi ƙiba kuma Luba ta yi arba'in ɗin haihuwar da take jira, za a sayar da karsanar a je a yi aikin.

Wata ranar kasuwa Muhuyi ya je Tudun Wada sayen zaren raga. A kan hanyarsa ta komawa tasha ya bi ta bayan wani fili na masu gwangwan, inda ake jibge matattun injinan ban-ruwa da ƙofofin mota. A tsakiyar tarkacen ya hango jirgin, a ɗore a kan 'yar amalanken ƙarfe mai taya biyu da ake ja da mota.

Ya tsaya cik, domin ya san shi. Shekaru da suka wuce akwai wani injiniya ɗan ƙasar Sin da ke aikin hanya a yankin, wanda yakan jawo jirgin nan da motarsa ran Lahadi ya sa a ruwa. Ba ya tuƙi, ba shi da inji. Doguwar sanda ce a tsaye a gaban jirgin, sai wani jan tamfol da aka ɗinka wa gora shida a gicciye kamar fiffiken jemage. Mutumin yakan zauna a baya da hularsa ta kaba, igiya a hannu ɗaya, jirgin yana tsaga ruwa shiru. Sau da yawa ya wuce su Muhuyi yana ɗaga musu hannu, a lokacin da gumi ke zuba a idon Muhuyi.

Mai filin, wani matashi mai suna Garzali, ya taso yana goge hannu a wandonsa.

"Baba, ƙarfe za a sayar ko saye za a yi?"

"Wannan fa, na sayarwa ne?"

"Komai a nan na sayarwa ne. Da kamfanin ya tashi aka yi gwanjon kayan sansaninsu, na haɗo da shi. Jira nake in samu lokaci in fasa shi in cire amalanken."

Muhuyi ya zagaya jirgin sau uku. Tsawonsa bai kai kwale-kwalen Dikko ba, amma ya fi shi faɗin ciki. Ya ƙwanƙwasa jikinsa ya ji katakon da sauran ƙarfi. Suka kwance tamfol ɗin, rana ta cinye jansa, ɓera ya yi masa huji biyu, gora ɗaya ta karye. Garzali ya tsayar da sandar ya nuna masa: igiya ɗaya ake ja sai tamfol ya hau yana buɗewa kamar mafici, in an sassauta ta sai ya sauko ya naɗe kansa. Muhuyi ya ja da hannun hagu. Ya hau ba tare da kafaɗar ta ce uffan ba.

A tsakiyar jirgin akwai wani siririn akwati mai doguwar kafa a samansa, wadda in ka leƙa kana hango ƙasa.

"Wannan ramin fa?"

"Wurin soke sanda ne da tarkace," in ji Garzali, bai ko kalli wurin ba.

Da ya faɗi kuɗin sai Muhuyi ya yi murmushi kawai ya yi sallama. Amma a mota, har ya isa gida, abu ɗaya ke yawo a kansa. A lokacin fetur ya yi tashin da masu inji suka fara tsayawa kusa da gaɓa, kifin kuma ya koma tsakiya. Iska kuwa ba a sayenta a gidan mai, ba ta kuma tambayar lafiyar kafaɗar kowa.

Ya yi kwana tara yana juya maganar. Ya duba abin da ya mallaka: birgi, tsohuwar rediyo, keken da ba shi da sarƙa. Fegin mahaifinsa kuwa na gado ne, su bakwai. A kwana na goma ya ce wa Kaltume zai je ta'aziyya Doguwa. Ya sauka a hanyar Falgore ya bi turba zuwa rugar. Bafulatanin da ke kiwon karsanar ya san shi mijinta ne, don haka da ya ce Kaltume ce ta aiko shi, ciwon ya matsa, mutumin bai yi musu ba. Har nono ya ba shi ya kai mata, ya ce Allah ya ba ta lafiya.

Da damina ne, dabba ba ta yi daraja ba, dillalan kara kuma sun ga gaggawa a fuskarsa. Abin da ya samu bai kai abin da Garzali ya faɗa ba. Garzali ya dube shi, ya dubi jirgin, ya ce ba komai, za a daidaita. A gaban idonsa ya kwance tayoyin amalanken masu kyau ya ɗaura wasu suɗaɗɗu, ya cire ƙananan gargaren tagulla da igiya ke bi ta cikinsu ya bar guda biyu kawai, ya ɗauke anga, ƙarfen tsayar da jirgi, da sarƙarta.

"Yanzu ya zama daidai kuɗinka, Baba."

Wani mai a-kori-kura ya jawo masa shi har ƙofar gida. Kaltume tana tsakar gida tana tsince wake da yatsu, ta ji hayaniyar mutane a waje.

"Malam, me aka kawo?"

Ya zauna a bakin turmi ya gaya mata duka, bai rage komai ba. Ya ce kafin kaka jirgin zai mayar da karsana har da riba, ranar zuwa Kano ba za ta gusa ba. Yana magana yana jin muryarsa kamar ta dillali.

Kaltume ba ta daina tsintar waken ba. Can ta ce, "Da ka je, ta yi ƙiba?"

"Ta yi."

"An ce mini tana da ciki."

Bai san da wannan ba.

"Nonon da ka shigo da shi na rugar ne?"

"Na can ne. Ya ce a gaishe ki."

"Ka ba almuru," ta ce, tana nufin karen maƙwabta da ke shigowa da magariba, ta ɗauki faranti ta lalubi ƙofar ɗaki.

Ya yi mako guda yana gyara. Ya ɗinke hujin ɓera da buhun taki, ya ɗaure karyayyiyar gorar, ya buga katako a kan ramin nan na tsakiya ya mayar da shi wurin zama. Ranar da zai sa shi a ruwa, bakin gaɓa ya cika kamar ana rabon taki. Iska tana busowa daga tudu zuwa cikin ruwa. Ya tura jirgin, ya hau, ya ja igiya.

Jirgin ya ɗan yi jim, sai ya zabura. Muhuyi ya ji ruwa yana shi-shi-shi a ƙarƙashinsa, gaɓa tana ja da baya, hayaniyar mutane ta koma kamar ta ƙudan zuma. Hannunsa na dama yana kwance a cinyarsa ba ya komai. Ya wuce inda masu inji suka tsaya, ya wuce tsibirin duwatsu, ya kai inda tsofaffi ke cewa nan ne saitin tsohon gari. Shi kaɗai a tsakiyar ruwa ya tsinci kansa yana dariya da ƙarfi, abin da ya manta rabonsa da shi.

Da ya juya zai koma ne abin ya ƙi. Ya karkata kan jirgin zuwa gida, jirgin ya ci gaba da zamewa a kaikaice kamar ƙwarya a kan ruwa. Ya ja igiya, ya sassauta, ya sake juyawa. Duk inda ya sa kai, inda iska ta nufa nan yake tafiya. Ya ɗauki filafili ya gwada tuƙi, jirgin ya yi masa faɗi, kafaɗar ta kama da wuta. Kafin azahar iska ta kai shi can ɗaya gaɓar ta cusa shi cikin ciyawa.

Da la'asar ya ji ƙarar inji. Dikko ne da mutum biyu.

"Sannu da hutawa," in ji Dikko. "An ce ka tafi Ikko ta ruwa, na ce bari in zo in yi maka rakiya."

Ya jefo igiya, ya ce a ɗaura a bayan jirgin, ba a gaba ba. Haka ya jawo shi da baya-baya, tamfol a zube, Muhuyi a zaune yana kallon inda ya fito. Da suka iso bai nufi gaɓa kai tsaye ba. Ya bi da shi ta gaban masu saye da masu soya a hankali har ƙarshen kwata inda jirage ke tsayawa, ya juyo ya sake bi, sannan ya kashe inji.

"Kyaftin ya iso, a ba shi hanya," ya ce. Ya miƙa hannu ya ɗauki birgin Muhuyi daga cikin jirgin. "Wannan na man da na ƙona ne."

Daga ranar sunan ya bi shi. Har matan da ba su taɓa yi masa magana ba sai su ce, "Kyaftin, yau ina aka nufa?"

Wani zai jefar da abin a nan. Muhuyi ya jawo jirgin tudu ya zauna yana kallonsa kwana da kwanaki. Mutumin nan ɗan Sin yana zuwa yana dawowa, iskar kuma ita ce dai. Ya tuna cewa in ya kusa gaɓa yakan sunkuya ya zaro wani abu daga tsakiyar jirgi. Ya ɓamɓare katakon da ya buga, ya zura hannu cikin ramin, yatsunsa suka fito da tsatsa. Washegari ya koma Tudun Wada.

"Au, farantin ƙarfen nan?" in ji Garzali. "Ai shi ne ke sauka cikin ruwa ya riƙe jirgi kada ya zame. Tun ranar da aka kawo shi na ɗora shi a sikeli."

"Ka ce mini wurin soke sanda ne."

"Jirgi ka taya, Baba, jirgi na ba ka. Da ka tambayi ƙarfe da na gaya maka ya tafi Kano."

A duk gidan Muhuyi katako mai kauri da faɗin da zai shiga ramin guda ɗaya ne, ƙyauren ɗakin Kaltume. Ya cire shi tana bayan gida, ya rataya asabari a wurin. Da ta dawo ta miƙa hannu inda ta saba turawa, hannun ya wuce. Ta tsaya, ta shafa asabarin daga sama zuwa ƙasa, ta ɗaga ta shiga.

Kafinta ya yanka ƙyauren daidai ramin. Da yake katako ne, sai ya riƙa tasowa sama, Muhuyi ya ɗaure shi da igiyar roba. Ya fara gwaji kusa da gaɓa, da sassafe kafin mutane su taru. Jirgin ya daina zamewa. Ba ya shiga cikin iska kai tsaye, amma in ka bi da shi a karkace, dama sannan hagu, kamar mai hawan dutse da kaya, sai ya kai ka inda kake so. Sau biyu ya kusa kifewa kafin ya gane cewa in hadari ya taso sai ya sassauta igiya, gora biyu ko uku su kwanta, jirgin ya natsu. Babu wanda ya koya masa. Wata biyu ya yi yana wannan, suna cin abin da Luba ke aikowa.

Daga nan kifi ya fara zuwa. Da ɗan tsohon kallin da wani ya yar ya gyara, ya riƙa zuwa tsakiya inda masu inji suka daina zuwa saboda mai, masu tuƙi kuma ba sa iya kaiwa. Yana dawowa da manyan karfasa da ragon ruwa, wata rana har da giwan ruwa da sai da mutum biyu suka ɗauka. Dillalan da suka yi dariya suka koma tarbarsa tun jirgin bai taɓa ƙasa ba. Suna nan suna ce masa Kyaftin, amma yanzu da sassauta murya.

Kaka ta zo. Luba ta haihu, ta yi arba'in, ta zo gida da jaririnta ta ce, "Baba, lokaci ya yi." A makon ne iska ta yaga tamfol ɗin tun daga sama har ƙasa. Muhuyi ya ce a ba shi wata ɗaya, in babu tamfol babu kifi, in babu kifi babu asibiti. Ya sayi sabo, shuɗi, ya kai wa mai ɗinkin rumfa. Bayan tamfol sai raga ta kece, ya ce wata ɗaya kuma. Ba ƙarya yake yi ba ko sau ɗaya, kowane dalili na gaskiya ne. Amma in ya zauna shi kaɗai a jirgi ya san akwai wani abu bayan dalilan: yana tsoron ya bar ruwan ko da na mako guda, kada ya dawo ya tarar abin ya kuɓuce masa.

A cikin watannin Kaltume ta daina fita ko maƙwabta. Takan yi fama da ciwon kai ta ɗaure goshi da ɗankwali. Jikanta da aka ɗora mata a cinya, da tafin hannu ta san fuskarsa.

Sai bayan ƙaramar salla suka je Kano, su uku. Suka yi layi tun safe, aka ɗiga mata magani, aka sa ta a gaban na'ura. Likitar, wata mace mai gilashi, ta daɗe tana haska idon, sannan ta jingina da kujera.

"Yaushe aka fara ce muku ku zo?"

Luba ta ce, "Bara, farkon damina."

"Me ya hana?"

Luba ta dubi mahaifinta. Likitar ta ce yanar da ke idon ba ita ce babbar matsalar ba. Akwai hawan jinin ido a ƙarƙashinta, ya daɗe yana cin jijiyar gani, kuma jijiyar in ta mutu ba ta dawowa. Na dama ya riga ya tafi tun tuni. Na hagu, da an zo bara, da an tsare mata abin da za ta riƙa ganin hanya da fuskar mutane. Yanzu sai dai maganin rage ciwo.

Muhuyi ya ce, "Likita, ko nawa ne aikin, na zo da shi."

Ta dube shi ta saman gilashi. "Ba maganar kuɗi ba ce yanzu, Malam."

A motar dawowa Kaltume ta zauna a tsakiya. Ta tambayi Luba ko an wuce Kura, ta ce a saya wa yara rake. Da suka iso mararrabar da za su rabu, Luba ta sauka ta kamo hannun mahaifiyarta.

"Inna za ta zauna a wurina."

"A kan me? Gidanta fa?"

"Gidan da ko ƙyaure babu?" Luba ba ta ɗaga murya ba, idonta a ƙasa. "Ka yi haƙuri, Baba. Ban taɓa mayar maka da magana ba, kada ka sa in fara yau."

Ya juya ga Kaltume yana jiran ta ce wani abu. Ta gyara mayafinta ta ce wa Luba, "Akwai kwalbati a nan? Ki faɗa mini in mun zo."

Ya koma ruwa, domin ba shi da wani wurin zuwa. Bai yi wata biyu ba katakon ƙasan jirginsa ya sarƙe da kallin Dikko ya yaga shi. Ragar ba ta da alama a sama, kuma an zuba ta ne a hanyar da kowa ya san Muhuyi ke bi, amma Dikko ya kai ƙara gaban sarkin ruwa. Aka taru a gindin wata ɗorawa. Masu inji duka suka ba da shaida cewa jirgin yana da wuƙa a ƙasa, yana zuwa shiru ba a jin sa, yana firgita kifi. Wasu daga cikinsu Muhuyi ne ya koya musu ɗaurin ƙugiya.

"Ranka ya daɗe, ragar ba ta da gora ko tulu," ya ce. "Ko mai inji ne sai ya taka ta."

Sarkin ruwa, wanda ke auren ƙanwar Dikko, ya ce an ji. Hukunci shi ne ko ya cire katakon, ko ya cire jirgin daga wannan gaɓa.

"Ka cire mana, Kyaftin," in ji Dikko. "In iska ta tafi da kai ina nan, zan je in ɗauko ka."

Muhuyi ya ɗora jirgin a kan amalankensa. Tayoyin Garzali sun daɗe da sacewa, ya cusa musu tsumma da ciyawa. Ya nemi mai shanun huɗa ya ja masa shi ta hanyar gona, yini guda cur, zuwa wata ƙaramar gaɓa can kudu wajen ƙasar Tudun Wada, inda masunta ba su fi biyar ba kuma dillali sai ran kasuwa. A can ya kafa bukka. Kifin yana samuwa, sai dai rabinsa banda yake yi saboda babu mai saye ɗanye.

Duk Juma'a yakan zaɓi mafi kyau ya hau mota zuwa Ƙofa. Luba takan karɓa a zaure ta gaishe shi a ladabce, ta ce Inna tana barci, ko tana wanka. Daga bakin mijin Luba ya ji cewa Kaltume ba ta cin kifin, maƙwabta ake rabawa. Bai daina kawowa ba.

Wata Juma'a, bayan kusan shekara, Luba ta ce ya shigo. Kaltume tana zaune a tabarma a inuwar ɗaki, ta yi ƙiba kaɗan, carbi a hannunta. Ya tsuguna nesa da tabarmar. Suka gaisa, ta tambaye shi kafaɗa, ya ce da sauƙi. Ta tambayi ruwa, ya ce ya ja baya bana. Sai ya fara maganar da ya daɗe yana shiryawa a cikin jirgi, ya ce ya san abin da ya yi, ya san ba shi da bakin roƙo.

Ta katse shi. "Na yafe maka, Malam. Tun a motar Kano na yafe."

Ya buɗe baki zai yi godiya.

"Ba don kai na yi ba," ta ce. "An ce ranar tsayuwa duk mai haƙƙi a kan wani sai an tsayar da su tare an yi musu hisabi. A can za a mayar mini da idona. Ba na so in buɗe shi in gan ka."

Ta ci gaba da jan carbinta. Luba ta kawo masa ruwa a kofi, ya sha, ya yi musu sallama.

Yana nan har yanzu a gaɓar kudu. Kafaɗar hagun ma ta fara, don haka ba ya ɗaga tamfol ɗin gaba ɗaya, gora huɗu yake tsayawa. Katakon gaban jirgin ya fara ruɓewa, ya lilliƙe shi da kwalta. Wani mai gidan saukar baƙi ya taɓa zuwa ya taya jirgin don ya ajiye a farfajiya mutane su riƙa ɗaukar hoto, Muhuyi ya ce ba na sayarwa ba ne. Masuntan wurin sun ce ba shi da rigima, yana ba da aron zare, yana jan salla in limaminsu ya yi tafiya. Ƙofa kuwa ya rage zuwa, sai da salla, kuma a zaure yake tsayawa.